Me ya sa jirgin alhazai ke jiran dare, kuma me ke hana jirgi sauka a hazo?

Wani ɗan'uwa daga Gombe ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Bara na raka mahaifiyata sansanin alhazai, aka ce jirginsu ba zai tashi daga Lawanti ba sai tsakar dare, wai saboda zafi, aka kuma sauke musu wasu kaya. Da hunturu kuma na je tarbar yayana daga Abuja, da idona na ga jirgin ya ratsa ta samanmu, amma ya juya bai sauka ba, wai hazo. Ni dai gani nake wulaƙanci ne kawai. Wa ya kafa waɗannan dokokin, kuma da wace hujja?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya karɓi ibadar Hajiya, ya maimaita mata. Na yi shekaru ina aikin lissafin nauyi da tsara tafiyar jirage kafin in dawo gida Bauchi in zauna, saboda haka irin kallon da ka yi wa ma'aikatan nan ni ma an sha yi mini shi. Gaskiyarka ta wani gefen: akwai jinkirin da sakacin kamfani ne tsagwaronsa, jirgi bai iso ba, ko ba a biya kuɗin mai ba, sai a laƙaba wa yanayi. Wannan ba zan kare shi ba. Amma abubuwa biyun da ka ambata, zafi da hazo, suna da asali, kuma kusan kowace lamba a cikin dokokinsu sai da aka binne mutane kafin a rubuta ta.

Mu fara da tashi. Abin da fasinja bai sani ba shi ne, duk jirgin fasinja da zai tashi, ana yi masa lissafi ne kamar inji ɗaya zai mutu a mafi munin lokaci, yana tsakiyar gudu a kan titi. Ko jiya aka fito da jirgin daga masana'anta, haka za a lissafa. Wannan tunani ya daɗe. A 1932 kamfanin TWA na Amurka ya nemi a ƙera masa jirgi mai inji uku wanda zai iya tashi ko da ɗaya ya tsaya. Kamfanin Douglas ya ce shi mai inji biyu zai ƙera. Charles Lindbergh, wanda yake ba TWA shawara a lokacin, ya kafe cewa in haka ne sai jirgin ya nuna zai tashi da inji ɗaya tak daga kowane filin da kamfanin ke amfani da shi. A watan Satumba na 1933 aka kai jirgin, mai suna DC-1, garin Winslow na jihar Arizona, fili mai tudu sosai, aka kashe inji ɗaya a daidai lokacin tashi. Jirgin ya ɗaga, ya haye duwatsu, ya sauka a Albuquerque. Abin da ya fara a matsayin sharaɗin ciniki, daga baya ya zama doka a kan kowa.

Daga wannan sharaɗi ne aka haifi lambar da matuƙa ke kira V1, wato gudun yanke shawara. Kafin jirgi ya kai wannan gudu, in inji ya mutu, matuƙi zai taka birki, kuma sauran titin da ke gabansa zai ishe shi tsayawa. In ya wuce shi, babu maganar tsayawa kuma, ko da wuta ce ta kama injin: dole ya ci gaba ya tashi da injin da ya rage, ya zaga ya dawo. Ana fitar da wannan lamba tun jirgi na tsaye, matuƙan biyu su faɗe ta da baki su amince, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Jirgin da ke cin mita 70 a kowace daƙiƙa ba ya ba mutum damar tunani. Shi ya sa ma doka ta ƙara tazarar daƙiƙa 2 a lissafin tsayawa, don ta san hannun ɗan'adam ba ya motsi nan take. Binciken da aka yi a Amurka a farkon shekarun 1990 ya nuna fiye da rabin jiragen da suka zarce ƙarshen titi wajen fasa tashi, matuƙansu sun taka birki ne bayan sun riga sun wuce V1.

To ina zafi ya shigo? Fiffike da inji duka iska suke ci, kuma iska mai zafi sakwa-sakwa ce, ba ta da kauri. Iskar tudu ma haka take. Ma'aunin da duniya ta amince da shi ya ɗauki digiri 15 a bakin teku, yana raguwa da kusan digiri 2 a duk ƙafa 1,000 da aka hau. Filin Lawanti ya haura ƙafa 1,500 daga bakin teku, saboda haka a littafi zafinsa bai kamata ya wuce digiri 12 ba. Kai da kake Gombe ka san yadda Afrilu take, digiri 40 da azahar ba labari ba ne. Duk digiri ɗaya da aka ɗara ma'auni, jirgi ji yake kamar an ɗaga filin sama da ƙafa 120. Ka lissafa: digiri 28 sau 120 ya ba ka ƙafa 3,360. Ka haɗa da tudun filin, sai ka ga jirgin da ke tsaye a Lawanti da rana tsaka ji yake kamar yana kan ƙafa 5,000, ya ɗara filin jirgin Jos da ke Heipang tudu. A nan Bauchi, inda filin Durum ya kusa ƙafa 2,000, abin ya fi haka. Inji ba ya ba da cikakken ƙarfinsa, fiffike kuma sai ya yi gudu fiye da kima kafin ya ɗauki nauyin. Titi dai tsawonsa ba ya ƙaruwa. Abu biyu kaɗai suka rage a hannunka: ka rage nauyi, ko ka jira gari ya yi sanyi. In zafi ya sauko daga 40 zuwa 25 da dare, ka samu rangwamen ƙafa 1,800, wanda a babban jirgi tan-tan ne na mai da kaya. Jirgin da zai miƙe zuwa Jidda ko Madina kuwa cike yake da mai, cike da mutane.

Ba na manta wani dare a lokacin jigilar alhazai. Ina zaune da takardar nauyi, fankar ofis na juya iska mai zafi, wani dattijo ya shigo riƙe da buhun da aka sauke masa, garin kunu ne da kuka da yaji da iyalinsa suka haɗa masa. Ya ɗora a kan teburina ya ce, "Yaro, wannan ɗan abin ne zai kayar da jirgi?" Na miƙe na ba shi kujerata, na ce, "Baba, naka kaɗai ba zai yi komai ba. Amma ku ɗari huɗu ne. In kowa ya ƙara kilo biyar, tan biyu ke nan, kuma tan biyun nan ban sa su a lissafin da na ba matuƙi ba." Ya yi shiru yana kallon takardar, sannan ya ce a ba direban da ya kawo shi ya mayar gida. Har yau ina jin nauyin wannan buhu a raina, don na san hannun da ya daka garin. Amma da za a maimaita daren, abin da zan faɗa masa ke nan.

Wannan lissafin zafi ma bai cika ba sai da jirage masu injin jet suka zo. A zamanin masu farfela dokokin Amurka ba su lissafa zafin rana gaba ɗayansa. Injin jet kuwa zafi na cin ƙarfinsa ƙwarai, shi ya sa daga 1957 zuwa 1959 aka fitar da sababbin ƙa'idoji a jere, waɗanda suka wajabta lissafa tudun fili da zafin ranar baki ɗaya. A nan ne aka tsayar cewa jirgin da inji ɗaya ya mutu masa dole ya kai ƙafa 35 sama a ƙarshen tazarar tashinsa, wajen tsayin bene mai hawa uku, maimakon ƙafa 50 na zamanin farfela. Waɗannan ƙa'idoji aka tattara a 1965 suka zama kundin da har yau ake gwada manyan jirage da shi. Kafin nan Ingila ta riga ta sha nata darasin da Comet, jirgin jet na fasinja na farko a duniya. A Oktoba 1952 ɗaya ya kasa tashi a Rum, ya zarce titi. A Maris 1953 wani ya yi irin haka a Karachi, mutum 11 da ke ciki duk suka rasu. A duka biyun an ɗaga hancin jirgin da wuri kuma da yawa, sai fiffike ya zama kamar faifai a gaban iska, yana tare ta maimakon ya hau ta. Da farko matuƙa aka ɗora wa laifi. Daga baya aka gyara gaban fiffiken, aka kuma shigo da dokar gudun ɗaga hanci. Har gobe duk sabon jirgi sai an gwada shi yana jan wutsiya a ƙasa, tartsatsi na tashi, don a gano mafi ƙarancin gudun da zai iya rabuwa da titi.

In kana kallon ƙwallo ka san labarin Munich. Ranar 6 ga Fabrairu 1958 jirgin da ya ɗauko 'yan wasan Manchester United ya yi yunƙurin tashi karo na uku a filin da dusar ƙanƙara ta narke ta zama caɓi. Ya kai gudun kilomita 217 a awa, ya wuce wurin tsayawa, sai gudun ya koma baya zuwa 194, domin tayoyi sun shiga caɓin da ke can ƙarshen titi. Bai tashi ba, ya fasa shinge ya daki gida. Mutum 23 suka rasu, 8 daga ciki 'yan wasa. Matuƙin, James Thain, ya shafe shekara goma ana zarginsa da barin ƙanƙara a kan fiffike kafin a wanke shi, a yarda caɓin titi ne ya riƙe jirgin. Kada ka ce mu ba mu da ƙanƙara. Ruwan Agusta in ya kwanta a kan titi, aikinsa ɗaya da wancan caɓi: yana riƙe taya wajen gudu, yana kuma hana birki kamawa. Turawan Ingila sun daɗe da dokar jiƙaƙƙen titi, Amurka ba ta sa ta a kundinta ba sai 1998. A gyaran wannan shekarar ne kuma aka ce a riƙa gwada tsayawa da birkin da ya cinye, bayan wani DC-10 ya zarce titi a Dallas a 1988 saboda birkinsa ya siɗe, alhali lissafin littafi da sabon birki aka yi shi.

Rabuwa da ƙasa ba shi ne ƙarshen magana ba, sai an hau. Doka ta ce jirgi mai inji biyu, in ɗaya ya mutu, dole bayan ya naɗe tayoyi ya iya hawan kashi 2.4 cikin ɗari. Mai inji uku 2.7, mai huɗu 3. Ka auna da ƙafarka: duk mita 100 da ya yi gaba, mita biyu da 'yan kai kawai ya ɗaga. Bayan kilomita guda bai fi mita 24 ya ƙara ba. Daga cikin wannan ma ana zabge kashi 0.8 saboda tsufan inji da bambancin hannun matuƙa, kuma abin da ya rage dole ya haye kowace bishiya da kowane gini da ratar ƙafa 35. Wanda yake Kano ranar 4 ga Mayu 2002 ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da ke faruwa in wannan lissafi ya ƙwace. Da rana tsaka cikin zafin bazara, jirgin kamfanin EAS ya cinye titi bai tashi ba, ya shiga ƙasa ya tayar da ƙura, injuna suka shaƙe ta, ya ɗaga da ƙyar ya faɗa kan gidajen Gwammaja. Fiye da mutum 100 suka rasu, da na cikin jirgi da waɗanda ke zaune a ɗakunansu, har da ministan wasanni na lokacin, Ishaya Mark Aku. Duk sanda na ji ana zagin matuƙi don ya ce sai dare, Gwammaja ke faɗo mini. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kano ta shiga wannan tarihi tun kafin nan. Ranar 24 ga Yuni 1956 jirgin kamfanin BOAC na Ingila mai zuwa Landan ya tashi cikin hadari, iska ta juya masa farat ɗaya daga gaba zuwa baya, ya rasa gudu ya daki bishiya, mutum 32 cikin 45 suka rasu. A lokacin ba a ma san sunan abin ba. Sai a shekarun 1970 masanin yanayi Tetsuya Fujita ya bayyana yadda hadari ke tunkuɗo iska ƙasa kamar an kifar da tulu, ta bazu ta ko'ina. Irin wannan juyin iska ne ya kayar da jirgin kamfanin ADC a Abuja ranar 29 ga Oktoba 2006, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a ciki. Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Babu lissafin nauyi da ke maganin wannan, maganinsa jira har hadari ya wuce.

Yanzu ga maganar yayanka da hazo. Matuƙan farko da ido suke tafiya, suna bin layin dogo da koguna, gajimare na rufe su sai su rasa sama da ƙasa. Ranar 24 ga Satumba 1929 wani sojan Amurka, Jimmy Doolittle, ya shiga jirgi aka lulluɓe mazauninsa ruf, ya tashi, ya zaga, ya sauka, ba abin da yake kallo sai agogunan gabansa da siginar rediyo. Jamusawa suka biyo da na'urar Lorenz, mai nuna wa jirgi hanyar sauka da siginar rediyo, a shekarun 1930. A Janairu 1938 jirgin fasinja ya sauka a Pittsburgh cikin guguwar ƙanƙara da na'urar da ake kira ILS. Matsalar da ta rage ita ce kowace ƙasa da nata tsari. Aka taru a Chicago, ranar 7 ga Disamba 1944 ƙasashe 52 suka sa hannu a yarjejeniyar da ta haifi ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, mai mazauni a Montreal ta Kanada. Najeriya ta shiga bayan samun 'yancin kai a 1960. Saboda haka amsar "wa ya kafa" ita ce: ƙasashen duniya ne suka haɗu, mu ma da sa hannunmu, hukumar NCAA ke tsare dokar a gida, NAMA kuma ke kula da na'urori da hanyoyin sama.

ILS siginar rediyo biyu ce. Ɗaya na nuna wa jirgi tsakiyar titi, ɗaya na shimfiɗa masa gangara mai digiri 3, wato ya sauko wajen ƙafa 300 a duk kilomita biyu ba kaɗan. Matuƙi na bin wannan gangara ko da ba ya ganin komai, har ya iso wani tsayi da aka rubuta a taswira. A mataki na farko na ILS wannan tsayi ba ya gaza ƙafa 200, kuma dole ganin da ke kan titi ya kai mita 550. In ya iso nan ya ga fitilu, ya sauka. In bai gani ba, ya tura mai ya koma sama, babu leƙe, babu "bari in ɗan ƙara". Daga ƙafa 200 zuwa ƙasa daƙiƙa 16 ce kacal ko kusa da haka. Kuma a wannan tsayin bakin titi na can gaba da kusan mita 870, ya fi nisan da idonsa ke kaiwa. Shi ya sa ake jera fitilu tsawon mita 900 kafin a iso titi, su yake fara gani su ja shi. In fitilun sun mutu, ko an sace wayarsu, doka na ƙara nisan ganin da ake bukata nan take. In kuwa babu ILS ɗin, ko akwai amma ba a auna ta ba, sai a koma hanyar da ba ta da gangara, wadda iyakarta ta fi tsayi, kuma sau da yawa tana neman ganin kilomita ɗaya da rabi ko fiye.

Ka ce da idonka ka ga jirgin, kuma na yarda. Shi ma matuƙin mai yiwuwa ya ga rufin motarka. Hazon hunturu shimfiɗe yake kamar bargo. In ka dubi sama kai tsaye, kaurin bargon kawai idonka ya ratsa. Matuƙi kuwa gaba yake kallo a karkace, ta cikin tsawon bargon, kilomita da kilomita na ƙura, in da yamma ne ga rana ta mayar da ita fara fat kamar an watsa gari. Ganin ƙasa a ƙarƙashinka ba ya saukar da jirgi, sai ka ga inda za ka.

Waɗannan tsayin da ke kan taswira akwai masu zana su, kuma aikinsu ne na fi girmamawa a duk harkar, don ba wanda ya san su. Littafin da suke bi na ICAO ana kiransa PANS-OPS, Amurka kuma na da nata mai suna TERPS tun shekarun 1960. Mai zane zai tattara tsayin kowane dutse, kowace eriya, kowane bene a kewayen fili, ya shata hanya a sama mai faɗi da farko tana tsukewa har bakin titi. A farkon hanya yana barin ratar mita 300 tsakanin jirgi da abu mafi tsayi, a tsakiya mita 150, a zangon ƙarshe na hanyar da ba ta da gangara mita 75 kawai. Na ILS kuwa an gina lissafinta a kan kada haɗarin karo ya wuce sau ɗaya a sauka miliyan goma. Ka riƙe mita 75 ɗin nan. Agogon tsayi na jirgi nauyin iska yake aunawa, kuma sai hasumiya ta karanta wa matuƙi lambar da ma'aikatan hukumar yanayi ta NiMet suka auna ya saita. Kuskuren maki 10 a wannan lamba ya kai ƙafa 280, ya cinye ratar gaba ɗaya har da ƙari. Shi ya sa za ka ji matuƙi na maimaita lambar, hasumiya na saurare. Da aka zo zamanin tauraron ɗan'adam ma sai da aka sake auna filaye, domin tsofaffin taswirorin Najeriya daga wani ma'auni da ke Minna aka ɗora su, na tauraro kuwa daban ne, bambancin na kai gomman mitoci. Daga 1998 ICAO ta ce kowa ya koma ma'auni ɗaya.

Shi ma wannan littafi gyara bayan gyara ne. Ranar 1 ga Disamba 1974 jirgin TWA mai zuwa Washington ya ji hasumiya ta ce an ba shi izinin shiga hanyar sauka. Matuƙan suka ɗauka izinin na nufin su sauko ƙafa 1,800 nan take, alhali taswira ta ce 3,400 a wannan yanki. Suka daki dutse, mutum 92 suka rasu. Abin da ya fi ciwo, makonni shida kafin nan wasu matuƙan wani kamfani sun yi kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, suka tsira da ƙyar, labarin bai fita daga kamfaninsu ba. Bayan wannan aka fayyace ma'anar kalmomin izini, aka wajabta na'urar da ke yi wa matuƙi ihu in ƙasa ta matso, aka kuma buɗe hanyar da ma'aikaci zai kai rahoton kuskurensa ba tare da tsoron hukunci ba. A Afrilu 2002 kuma jirgin Air China ya daki dutse a Busan ta Koriya ta Kudu yana zagayen sauka, mutum 129 suka rasu. An zana filin da littafin Amurka, wanda a lokacin kariyar zagayensa ga irin wannan jirgi ba ta fi kilomita 3 zuwa 4 ba, na ICAO kuwa ya fi ninkin haka. Daga baya Amurka ta faɗaɗa nata.

Akwai wani giɓi tsakanin littattafan biyu da nake so ka sani, don ya shafe mu kai tsaye. Mai zana hanyar fita daga fili yana ɗauka jirgi zai hau kashi 3.3 cikin ɗari, kuma injunansa duka lafiya. Littafin ƙera jirgi kuwa 2.4 kawai ya yi alkawari in inji ya mutu. Cike wannan giɓi aikin kamfanin jirgi ne: ya samo jerin duk abin da ke tsaye a gaban titi, ya lissafa nauyin da zai haye su da inji ɗaya, ko ya tsara wa matuƙi wata hanyar kaucewa. Lissafin kuwa ba ya fin jerin da aka ba shi inganci. Ƙasarmu ta Bauchi duwatsu ne tsaitsaye a tsakiyar fili, amma dutse ba ya ba ni tsoro, yana nan inda aka auna shi tun zamanin Turawa. Abin da ke hana ni barci shi ne ƙarfen sabis da aka kafa cikin sati biyu, da benen da aka ƙara wa hawa ba a sanar da kowa ba. Na taɓa tsayawa a ƙarshen wani titi da safe na hango sabon ƙarfe, ja da fari, daidai inda jirage ke bi. Na koma ofis na buɗe jerin da muke lissafi da shi, babu shi a ciki. Sai da muka rage nauyin kowane tashi ta wannan gefen har aka zo aka auna shi. Filin Lawanti da na Durum an kai su bayan gari ne da gangan, amma gari binsu yake yi, masu filaye na yanka fuloti. Dokar da ta ce sai an nemi izinin NCAA kafin a kafa dogon abu kusa da filin jirgi, wannan ce hujjarta.

Saboda haka in za ka yi fushi, ɗan'uwa, ina ganin akwai inda ya fi dacewa ka kai shi. Hazo na zuwa duk shekara daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ba baƙo ba ne. Ingila ta saukar da jirgin fasinja da na'ura kaɗai tun Yuni 1965, kuma mataki na biyu na ILS na kai jirgi ƙafa 100 da ganin mita 300, na uku ya fi haka. Amma a farkon 2020 sai da aka riƙa karkatar da jiragen ƙasashen waje daga Legas zuwa Accra saboda hazo, ana jiran a gama auna na'urori. Tambayoyin da ya kamata 'yan majalisarku da masu kula da filin su amsa su ne: na'urar sauka tana aiki? Yaushe jirgin awo ya zo ya gwada ta? Fitilun gaban titi duka suna kamawa, kuma akwai janareton da zai karɓa nan take in wuta ta ɗauke? Yaushe aka yi awon ƙarshe na gine-ginen kewaye? Akwai hanyar sauka ta tauraron ɗan'adam da aka zana wa filin, kuma kamfanonin da ke zuwa sun horar da matuƙansu a kanta? Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana rage ranakun da jirgi zai juya.

Kai kuma, in Allah ya sake kai Hajiya ko wani naka, ku auna jaka a gida kafin a fito, a sikelin masu hatsi ma ya isa, abin da ya haura a bar shi. In yayanka zai zo da hunturu, ya duba hasashen NiMet tun ana gobe, ya nemi jirgin tsakiyar rana maimakon na sassafe ko na dab da magariba, kada kuma ya ɗaura tafiyar a ranar ɗaurin aure ko ranar da ba ta ɗagawa. Ka gaishe mini da Hajiya.